Akwatin Takalmi

Ofishina tsakanin shagon wanki yake da na mai gyaran agogo,
a Toledo, kan titin da ƙanƙara ke narkewa ta zama caɓi.
Afrilu ta kama, sha biyar ga wata na tafe,
kowa ya tuna da ni, Darlene mai lissafi,
yadda ake tuna laima in ruwa ya fara.

Yesenia ce ta riga kowa, da rigar aikin asibiti.
Ta shimfiɗa takardar albashi, ta ɗora yatsa:
"Wannan fa? Ban taɓa riƙe shi ba, an ce na biya."
Na ce, ai tun tukunya na kan wuta ake ɗibarsa.
Kaso guda na tsufanki ne, guda na jinyar tsufan,
mai gidan aikinki ma ya zuba kwatankwacinsa.
Sauran kafin alƙalami ne hukuma ta riƙe,
yau za mu gani, ko ta ɗiba da yawa, ko ke za ki ƙara.

Rangwame iri biyu ne, kada ki gwama su.
Ɗaya yana rage buhu kafin ya hau sikeli,
ɗaya sai an yanka kuɗi yake zuwa ya goge bashi.
Ruwan bashin karatunki na farkon ne.
Noemi da ƙaninta mai wawulo, su ne na biyun.
Da lambar ta fito ta rufe baki da tafin hannu,
ta ce tayoyin mota, ta ce takalman makaranta,
in ya ragu, ko wuni ɗaya a bakin tafki su sarara.

Sai Wendell Pruitt.
Shekara talatin yana bisa rufin mutane,
yanzu gwiwarsa na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Ya dire akwatin takalmi a kan teburina:
rasiɗin ƙusa, na kwalta, na man mota,
wani kofi ya jiƙa, wani rana ta lashe rubutunsa.
Duk abin da ya kashe yana ciki.
Abin da ya samu fa? Ya ɗaga kai ya dubi silin:
"Tsabar kuɗi ba ta da baki, Darlene, ba ta kai ƙara."

Na ce, neman rangwamen da doka ta ba ka
shi ne sana'ata, da shi nake cin abinci.
Ɓoye abin da ya shigo sunansa daban,
kuma ba zan sa hannu a ƙarƙashinsa ba.
Ya ce shekara nawa, ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.
Gaskiyarsa, ba wanda ya ƙwanƙwasa.
Sai ya zaro wasiƙa daga aljihun ƙirji,
ta masu fanshon tsufa, ya ce ya baro tabarau a mota,
in karanta, yana saurara.

Shekaru a jere, kowace da abin da ya ce ya samu.
Sifiri. Sifiri. Dubu huɗu. Sifiri.
Shekarar da ya rufa cocin kan kwana, sifiri.
Shekarar guguwa, rufi arba'in kafin hunturu, sifiri.
Can ƙasa, abin da za a riƙa ba shi duk wata
bai kai hayar ɗakinsa ba.
Ashe rumbun kansa ya yi ta ɓoye wa hatsi,
ga rani a bakin ƙofa yana jira.

Ta bango muna jin injin shanya kaya na juyi,
wani maɓalli na bugun ƙarfe a ciki.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Ta bana fa?"
Na ce, ta bana ba a rufe ta ba tukuna.
Ya fita, ya dawo da tabarau da wani ɗan littafi
wanda maiƙo ya ci bangonsa,
kowace dala a rubuce, da kwanan wata, da sunan mai gida.
Na feƙe fensir, ya lashi yatsa ya buɗe shafi:
Janairu, gidan gwauruwa Halloran, dala ɗari tara.